Katunan Ɗan Fari

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi wata ce za ta ɗaga shi. Haka na taso na gani a Funtuwa, haka kuma na yi niyyar yi. Sai dai ni a Riyad na haihu, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a saman bene a unguwar Malaz, inda babu kaka, babu goggo, babu wadda zan miƙa wa jariri in juya baya. Dole ni na goya shi, ni na yi masa wanka. Amma bakina bai taɓa iya sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in kuma da babansa nake magana in ce "yaron nan". Shi kuwa da ya buɗe baki, da Larabcin 'ya'yan maƙwabta ya fara, yana ce mini Yumma.

Da ya ɗan tasa sai muka zama mutum biyu a gida ɗaya waɗanda ba su da abin cewa. Ka ci abinci? Na ci. Ka yi salla? Na yi. Ƙannensa mata biyu su hau cinyata su yi ta zuba, shi yana can jikin bango yana kallonmu. Allah ya sani ba ƙinsa nake yi ba. Ban dai san ta inda ake farawa ba ne.

Babansa direba ne a wani kamfani da ke tura direbobi gidajen Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Gidan da ya fi daɗewa na wani Ba'amurke ne mai ɗa sa'an nawa, kuma ranar da babu makaranta yakan tafi da yaron can su yi wasa a tsakar gida. Da lokacin tafiyar mutanen ya yi, suka rarraba kayan da ba za su ɗauka ba. Mu muka samu tukwane biyu da labule. Yaron nan kuwa ya shigo rungume da kwalin takalmi, ya ƙi yarda kowa ya taɓa.

Da ya buɗe na ga katuna a jere cike da kwalin, sai na juya wurin babansa.

"Malam, karta ka bari aka ba shi?"

"Wace irin karta? 'Yan wasa ne. Wani wasa ne nasu, besbol. A jefo wa mutum ƙwallo, ya maka mata kulki, ya ruga a guje."

"Ya ruga ina?"

"Ya zagaya fili ya dawo inda ya taso."

"To me ya tashe shi tun farko?"

Malam ya yi dariya har da tari. Yaron bai yi ba. Yana ta jujjuya wani kati, yana kallon rubutun da ke ƙasan hoton.

Makarantar Larabci yake yi, shekararsa goma a lokacin, haruffan boko ba su zauna masa ba tukuna. Ni kuwa kafin a kawo ni Saudiyya na yi ajin yaƙi da jahilci na mata a garinmu, da yamma, a kan tabarma, na iya haɗa baƙi da wasali. Washegari bayan la'asar ina tsince shinkafa sai na ji mutum a kaina. Ya miƙo kati bai dube ni ba.

"Yumma, karanta."

Na goge hannuna a zani. Ya ce a'a, in wanke. Na tashi na wanke, na karɓa, ya ce ta gefe ake riƙewa. Na karanta sunan yadda aka koya mini, kowane harafi na ba shi haƙƙinsa. Ya maimaita. Ya miƙo wani.

Abin da ya buɗe mana ƙofa ke nan. Ai ba da shi nake hira ba, da kati nake yi. Idona a kan kati, nasa a kan kati, babu wanda ya karya wata al'ada. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ƙasa, ya jera su, ni ina karantawa yana ware su: masu jar hula nan, masu shuɗiya can. Sunayen ba sa zama mini a kai, sai na raɗa musu nawa. Akwai mai gemu, akwai mai kumatu, akwai wani baƙin saurayi siriri da ke jifa da hagu, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar zalɓe. Shi nake ce wa bahago, shi ne kuma na hannun daman yaron.

Kafin shekara biyu ya fi ni iya karatun nesa ba kusa ba. Ya gano cewa a Turanci akwai haruffan da ake rubutawa ba a furta su, ya gano duk sunayen da na koya masa a karkace suke. Amma bai fasa miƙo mini ba. In karanta, ya kwashe da dariya, ya gyara mini, in ce, "To in ba a so a faɗe shi, wa ya aike su rubuta shi?" Na san ya iya. Shi ma ya san na sani.

Ta bakin katunan nan na san ɗana. Wata rana ya nuna mini mutum ɗaya a kati biyu, riga daban daban, ya ce sayar da shi aka yi.

"Subhanallahi, sayar da mutum?"

"Kamar yadda aka mayar da Baba daga wancan kafili, ubangidansa na aiki, zuwa wannan, Yumma. Ba a tambayarsa."

Wata ranar kuma yana riƙe da bahago ya ce, a hankali, shi ma wannan an yi ta yi masa dariya saboda launinsa da yana yaro. Ban san ko a wani wuri ya karanta ba ko ƙirƙira ya yi. Na dai gane cewa wani abu ya faru a makaranta. Na ce wa katin, "To ai ga shi nan bai fasa jifa ba." Ya ce, "E."

Kwali ɗaya ya zama biyu. Duk Baturen da Malam ya tuƙa, in ya ji labarin ɗan direba mai tara katin besbol sai abin ya ba shi mamaki, in ya je hutu ya dawo da ɗan ƙunshi ko biyu. Waɗanda suka zo masa biyu biyu yakan yi musanyarsu da wani yaro ɗan Filifin da suke haɗuwa a kasuwar Batha ranar Juma'a, in babansa ya je aika kuɗi gida. Ya samo ledoji ƙanana masu haske, kowane kati da rigarsa. Ya hana a ajiye kwalayen kusa da na'urar sanyaya ɗaki saboda ɗigar ruwa. Wani ya ba shi tsohuwar safar hannu ta fata, ƙatuwa kamar faifai, yana shafa mata man kaɗanyata a ɓoye, ina gani ina yin kamar ban gani ba. Duk wannan, bai taɓa tsayawa a filin wasan ba ko sau ɗaya. A waya kawai yake gani.

Maƙwabciyata, wata Bazindiriya mai kirki da faɗar gaskiya, ta taɓa shigowa ta same mu a baje. Ta riƙe haɓa.

"Ke da ɗan fari kuke zaune gwiwa da gwiwa? Lallai Saudiyya ta lalata ki. Kuma wannan taron ƙattin a ɗaki, ta ina mala'iku za su shigo?"

Yaron, da ke ce mata Hala, wato inna da Larabci, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Hala, ina rufe su da murfi."

"Ka rufe su da murfi! Ji min ɗan banza, ya mayar da mutane miya."

Shekarar da aka sa wa baƙi biyan kuɗi a kan kowane ɗa da kowace mata da ke ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar zama, gidaje da yawa a beninmu suka watse. Kuɗin kuma aka ce kowace shekara ƙaruwa zai yi. Malam ya yi ta juya abin har ya rame. A ƙarshe ya ce babban ne zai tafi: ya kusa gama sakandare, babu wata hanya a gabansa a nan, gara ya je wurin Hajiya, mahaifiyar Malam, ya san dangi, ya nemi makaranta a gida. Yaron yana da shekara goma sha bakwai, sau ɗaya ya taɓa ganin Nijeriya, yana goye.

Da ɗaya daga cikin 'yan matan ce da na yi magana, da na yi kuka ma. Amma a kan ɗan fari, me zan ce?

Wanda ya fito daga ƙasa mai tsarki ba ya shiga gida hannu sake. Akwatuna biyu aka yarda masa a jirgi, Malam ya cika su da dabino, dardumai, jallabiyoyi, turare, carbi, kowane kawu da kowace goggo da nasu. Aka ɗora a sikeli, har ya ɗan haura. Kwalayen katuna da safar fata suna gefe a kan kujera. Yaron ya dubi akwatunan, ya dubi babansa, bai roƙa ba. Ya ɗauki kwalayen ya kawo mini kicin, ya ɗora a kan firji.

"Yumma, amana."

Na ce, "To."

Ban raka shi filin jirgi ba. Na tsaya a taga ina kallon motar har ta sha kwana.

Watannin farko ba su yi masa daɗi ba. Hausarsa tana ba yara dariya, suna kiransa ɗan takari, sunan tsiya da ake yi wa namu mazauna Saudiyya, abinci ya ƙi cikinsa, sauro ya same shi sabon jini. Ba shi ya gaya mini ba, a bakin 'yar ƙanwar Malam na ji. Shi in ya kira, bayan gaisuwa sai ya ce, "Yumma, ɗauko kwali na biyu. Duba bayan mai gemu, wace shekara aka rubuta?" In sauko da kwalin, in wanke hannu, in nemo, in karanta. Daga nan sai magana ta ɓalle. Ya ce jiya an ɗauke wuta tun safe. Ya ce Hajiya ta ce shi ne mijinta na ƙarshe, kuma ya cika rowa, bai kawo mata lefe ba. In yi dariya, in ce wa mai gemu, "Ka ji, sai a yi haƙuri da tsofaffi." Mukan ɗauki lokaci mai tsawo a haka har katin wayarsa ya ƙare.

Ranar da ya ce in aiko masa da katunan, na ji abin har cikin ƙashina. Na san abin da nake riƙe da shi. Shi ma kamar ya sani, don ya yi saurin cewa, "Ni zan riƙa nuna miki a waya, ke ki karanta. Daidai ne ai." Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ba ni da komai nawa a nan, Yumma."

Akwai wani mai gyaran wuta ɗan garinmu da ke zaune a Batha, zai je gida hutu. Na haɗa kwalayen biyu da safar a cikin wani babban kwalin dabino da ya dace da su, na naɗe da leda, na ɗaure da igiya. Ba a aika wa jika saƙo a tsallake kakarsa, don haka Malam ya haɗa da turmin atamfa da dabino na Hajiya. Ya kai wa mutumin da kansa, ya gaya masa wannan na tsohuwa ne, wannan na yaro. Na so a ce na kira Hajiya na yi mata bayani da bakina. Amma suruka ba ta kiran uwar mijinta ta ce ga kayan ɗana na fari, a kula masa da su. Ko da wasa ba a yi.

Mutumin ya yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi. Ya isa gidan da hantsi, yaron yana makaranta, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ajiye komai a gabanta, ya ce ga saƙo daga Riyad, wannan kwalin na maigidanki ne. Ya sha ruwa ya tafi.

Sauran a waya na gani. 'Yar ƙanwar Malam ce ta ɗauka da murnarta ta turo mana, har da rubuta "Masha Allah" a ƙasa. Ina kicin ina yanka albasa na buɗe.

Hajiya ce zaune a kan kujerarta a tsakar gida, kwali a buɗe a gabanta, yaran unguwa sun yi layi har zaure. Ta saba ganin alhazai suna kawo wa yara 'yar kyamarar nan ta roba da ake leƙawa a ga hotunan Makka, to a wurinta wannan ma irinta ce: tsarabar yara daga Saudiyya. Kuma ta daɗe tana jin zafin yadda ake tsokanar jikanta. Tana miƙawa tana cewa, "Ungo, na mijina ne. Ku da kuke cewa ba ya magana, ga shi ya yi da hannu. Kai mai ƙaton kai, ba kai ne ke kiransa ɗan takari ba? Karɓi biyu, kunya ta kashe ka." Yara suna ta tsalle, wasu sun riga sun yage ledojin sun yar, wata 'yar ƙarama ta sa nata a baki.

Sai ga shi ya shigo da jakar makaranta a kafaɗa. Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya cak. Hajiya ta ɗaga murya, "Ga angon nan! Ku yi masa godiya." Yara suka yi caa a kansa, an gode Yaya, an gode Yaya, waɗanda jiya suke yi masa dariya suna riƙe masa hannu. Matan gida suna guɗa.

Kwali ɗaya ya riga ya ƙare, ɗayan ya yi rabi. Da ya so, da ya ɗauke abin da ya rage ya shige ɗaki. Amma da ya yi haka ya kunyata tsohuwa a gaban unguwa, bayan duk kirarin da ta yi masa. Na ga ya sauke jakarsa. Ya durƙusa a gefen kujerarta, ya jawo kwalin, ya ci gaba da rabon da hannunsa. Ta gefe yake riƙe kowanne. Ina ganin fuskokin suna wucewa, na san su duka. Da ya zo kan bahago ya ɗan dakata, kaɗan dai, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ya miƙa wa wani yaro mai yagaggen wando. Safar kuwa wani ya kifa ta a ka kamar hula, ana ta dariya, a nan hoton ya yanke.

Ƙaramar 'yata ta shigo ta ce, "Umma, albasa ce?" Na ce albasa ce.

Da yamma ya kira. Ya ce saƙo ya iso, an gode. Na ce madalla. Na jira. Ya ce, "Ina Baba?" Na miƙa wayar.

Malam ya so ya kira Hajiya ya yi magana, yaron ya hana shi. Ya ce kyauta ce an riga an yi, ba zai bi gida gida yana karɓe abu a hannun yara ba, kuma kada wanda ya gaya mata. Har yau ba ta sani ba.

Na yi ƙoƙari, ba zan ce ban yi ba. Na sa Malam ya kai ni Batha wata Juma'a, muka bi shagunan kayan wasa ɗaya bayan ɗaya cikin turereniyar mutane. Katin 'yan ƙwallon ƙafa ko'ina. Wani ɗan Pakistan ya ce yana da abin da nake nema, ya shiga ciki ya fito da ƙunshi, mutane riƙe da sanda. Na duba na ce ba shi ba ne, wannan sandar mai faɗi ce, tasu zagayayya ce. Ya ce, "Sawa sawa, Mama, duk ɗaya ne." Na mayar masa. Yaron nan ɗan Filifin kuwa, su ma kuɗin iƙama ya kore su tun tuni.

Bayan wasu watanni Baturen da Malam ke tuƙawa ya dawo hutu da ƙunshi ɗaya sabo. Ban buɗe ba sai da yaron ya kira. Na ce, "An kawo wasu. In buɗe?" Ya ce, cikin ladabi, "A bar shi kawai, Umma. A ba yara." Ya tambayi lafiyar ƙannensa, ya ce a gaida Baba in ya dawo.

Tun daga nan kiranmu ya koma gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya karatu, Allah ya yi albarka. Ba fushi yake yi da ni ba, na san wannan. Yana aiko mini da gaisuwar salla kafin kowa. Kawai dai babu abin da za mu sa a tsakani mu kalla, ni kuma har yanzu ban san ta inda ake farawa ba.

Da azumin shekarar da ta biyo baya na kira Hajiya in yi mata barka da shan ruwa. Tana cikin nishaɗi. Ta ce maigidanta ya zama ɗan gari, yanzu in ya fita yara ne ke bin sa, ya yi ƙiba, har tuwon dawa yana neman ƙari.

"Kuma kin san wani abu? Da ya zo, bakinsa kullum Yumma ta ce, Yumma ta yi, har ina jin kunya a gaban baƙi. Na ce wannan wane irin ɗan fari ne, Larabawa sun ɓata mini miji. To yanzu ya yi hankali. Ko an ambace ki sai ya sunkuyar da kai ya tashi ya bar wurin. Ko sau ɗaya ba ya kawo zancenki. Kin ga tarbiyya ta kama shi ke nan."

Tana jira in amsa. Ana ta kiran salla a masallacin ƙasan beninmu, 'yan matan suna jera dabino a faranti.

Na ce, "Alhamdu lillahi. An gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri."